Takardar Idon Babana Tana Cikin Jakata

Assalamu alaikum Anti Bilkis. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi da wuri, domin ranar Litinin mai zuwa ce iyakar lokacin da nake da shi. Babu wanda zan iya faɗa wa wannan magana a Gombe ba ta koma kunnen da bai kamata ba. Kada ki buga sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su.

Shekarata ashirin da shida, ina gidan iyayena a Gabukka, ni ce 'yar fari. Shekara uku ke nan ina aiki a ofishin ƙungiyar masu manyan motoci da direbobinsu ta jiha, a Bolari. Ni ce mai buga wasiƙu da rubuta katin shaida da adana fayil. Mutane suna ɗauka ƙungiya yanka rasit kawai ta sani, amma ni da ke ciki na ga abin da take yi. In an tsare motar ɗan Gombe a kudu, shugabanninmu ke tashi su je. In mai kaya da mai mota sun saɓa, a ofishinmu ake sulhu. In direba ya rasu a hanya, ƙungiya ke ɗauko gawarsa ta kawo wa iyalinsa. Ina son aikina, kuma darajar Babana ce ta sa aka ɗauke ni.

Baba direban tirela ne, shekara talatin da huɗu yana tuƙi. Shanun gidansu sun ƙare tun yana saurayi, ya shigo gari ya koyi mota, da ita ya yi mana komai. Abin da yake alfahari da shi guda ɗaya ne, cewa ko akuya bai taɓa takewa ba.

Wata huɗu da suka wuce wata tirela ɗauke da masara ta gangaro cikin gari da hantsi, ta afka wa keke napep biyu da masu saye da sayarwa a bakin titi. Mutum bakwai suka mutu. Direban ya ce bai ga keken farko ba sai da ya ji ƙara. Ranar matasa suka yi ta jifan motocinmu da ke gareji, da ƙyar aka hana su cinna wuta. Hukuma ta ce za ta hana manyan motoci shiga gari gaba ɗaya. Shugabanninmu suka je suka roƙa, suka ɗauki alkawari cewa ƙungiya da kanta za ta duba birkin kowace mota da idon kowane direba, wanda ya faɗi kuma ba za a sake ba shi lodi a duk inda ƙungiya ke da iko ba.

A cikin waɗanda suka mutu akwai Sandra, 'yar Madam Margaret mai sayar da abinci a ƙofar ofishinmu. Sandra ce ke kawo mini shinkafa da wake har teburina in ta dawo daga makaranta. Yanzu uwar ke kawowa da kanta, kuma kullum sai ta ce Allah ya yi mana albarka da wannan gwajin da muka kawo. Kwana tara ke nan ba na iya cin abincinta. In ta juya baya sai in rufe kwanon.

Ranar da aka yi taro a kan gwajin, kusan rabin direbobi sun tashi suna ihu cewa ƙungiya ta sayar da su, an kafa ta don ta kare su, ta koma 'yar sandan gwamnati. Baba ne ya miƙe ya kwantar da su. Ya ce wanda ba ya gani sosai kuma ya hau mota, ba direba ba ne, mai kisa ne da bai riga ya yi ba. Da ma'aikatan asibitin ido suka zo, shi ne na farko a layi.

Sakamakon ya zo cikin babban ambulan, aka ba ni in jera. Ina jerawa na ci karo da sunansa. An rubuta cewa idonsa na hagu ya kusa tafiya, na dama kuma ba ya ganin gefe sosai, kada ya yi tuƙi sai an sake duba shi a babban asibiti. Anti, na sake karantawa. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yake miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Yadda yake juya kansa gaba ɗaya in an yi masa magana ta hagu. Yadda Dada, mahaifiyata, ta koma ajiye masa kwanon abinci da takalmi ta hannun dama ba ta ce wa kowa komai ba. Ashe ta sani. Duk gidan mun gani, mun kawar da kai.

Ban san lokacin da na ninke takardar na tura cikin jakata ba. Wallahi ban shirya ba, hannuna ne ya riga tunanina. Har yanzu tana nan, ko banɗaki zan shiga a ofis da jakar nake tafiya.

Kwana biyu ina juya maganar, rana ta uku bayan la'asar na sami Baba a tsakar gida na durƙusa na miƙa masa takardar. Ya kai ta dab da fuskarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke ya maido mini. Kin san al'adarmu ta Fulani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai ya ce "ke" ko "yarinyar nan". Ranar ya kira sunana. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba, yau yana roƙona in bar shi ya gama jigilar waken bana, daga nan shi da kansa zai ajiye makulli. Ya ce hanyar Legas ya san kowane rami da kowace kwana a cikinta, kuma zai riƙa tafiya a hankali. Ya ce gara ya mutu da a manna sunansa a allon ofis, yaran da ya koya wa sa giyar mota su tsaya suna karantawa. Na tashi na shige ɗaki.

Abin bai tsaya nan ba. Motar da Baba ke ja ta shugaban ƙungiyarmu ce, Alhaji Bamanga, shekara goma sha tara suna tare. Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Bai ambaci sunan Baba ba. Cewa ya yi takarda takan ɓace a kowane ofis ba a mutu ba, kuma amfanin ƙungiya shi ne rufa wa 'ya'yanta asiri, ya san ni yarinya ce mai hankali. Ban san ko tausayin Baba yake ji ba, ko motarsa yake tunani a tsakiyar kakar wake, ko zaɓen ƙungiya da ke tafe, don tsofaffin direbobi inda Baba ya juya nan suke juyawa. Wataƙila duka ukun ne. Mutum ne da ya yi mana alheri da yawa, ba zan ɓoye ba.

Sai kuma Baba Noah, shugaban kwamitin kiyaye haɗari. Tsohon direba ne mutumin Kaltungo, abokin Baba tun suna samari, a gidanmu yake cin naman Sallah, mu ma yakan aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Shi ba ya wasa da aiki. Ya ƙirga ya ce mutum ɗari da arba'in da uku aka gwada, takarda ɗari da arba'in da biyu ke cikin fayil. Kullum da safe sai ya tsaya gaban teburina ya tambaye ni ko ɗayar ta fito, in ce ina nema. Jiya ya ce in ba ta fito ba, ranar Talata zai je asibitin da kansa ya karɓo wata. Ya daɗe yana kallona kafin ya fita. Ina jin ya san ta waye, yana ba ni lokaci ne.

Abin da ya fi cin raina shi ne mutum goma sha ɗaya sun faɗi gwajin kuma an riga an dakatar da su. Da hannuna na buga sunayensu. Ɗaya daga ciki, Malam Jibrilla, yana da 'ya'ya ƙanana biyar, ya zo ya zauna a benci gaban teburina, babba da shi yana share hawaye da hularsa. Na ba shi haƙuri, na ce doka ce, ba yadda za a yi. Ina faɗin haka takardar Baba tana jikin ƙafata a cikin jaka.

Ranar Litinin bayan asuba Baba zai tashi da lodin wake zuwa Legas. In na fito da takardar, na tozarta mahaifina a gaban garejin da ya yi rayuwarsa a ciki, na saɓa wa Alhaji, wataƙila in rasa aikina, kuma ban san da wane ido Dada za ta kalle ni ba. In na yi shiru ya je ya dawo lafiya, shi ke nan, ai shekara nawa yana yi. In kuma bai dawo lafiya ba fa? Ko ya dawo shi, wani bai koma gidansa ba? Wani lokaci sai in ji Alhaji yana da gaskiya, me ye amfanin ƙungiyar da za ta yar da mutum ranar da ya tsufa? Wani lokaci in ga Madam Margaret tana zuba miya sai in ji kamar in yi ihu. Shin in na miƙa takardar nan na saɓa wa iyaye ke nan? Anti, kaina ya kulle. Ki gaya mini abin da zan yi.

'Yar Direba, daga Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Wasiƙarki ba irin wadda ake ajiyewa sai ranar fitowar jarida ba ce, shi ya sa na tura miki wannan amsa ta waya tun ranar Alhamis. Ina buga ta a nan ne da izininki, saboda na tabbata ba gidanku kaɗai ke da irin wannan takarda ba.

Zan fara da abin da ba shi da sassauci. Motar nan kada ta tashi ranar Litinin da Baba a kan sitiyari. Ba maganar tafiya a hankali, ba maganar tafiya ɗaya ta ƙarshe. Sanin hanya yana gaya wa direba inda rami yake, ba ya gaya masa cewa yau wata mata za ta tsallaka ta hagunsa da goyo a baya. Mutumin da idonsa ya hana shi kama buta a tsakar gidansa bai kamata ya ja tirela cike da kaya ta ratsa kasuwanni har Legas ba. Ke ma kin san haka, da ba ki sani ba da kina cin abincinki lafiya.

Amma kada ki ɗauki mahaifinki a matsayin mugu, kuma ni ma ban ɗauke shi haka ba. Tsoro ne ya kama shi. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu ana kiransa direba, in aka karɓe makulli bai san sunan da zai amsa ba. Abin da ya faɗa a taro shi ne ainihin ra'ayinsa. Abin da ya roƙe ki a gida kunya ce ta yi magana. Aikinki shi ne ki taimaka masa ya koma kan maganarsa ta farko. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga taya su abin da zai halaka su ko ya halaka wasu ba. Ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi, abin da zai ce miki ke nan.

Ke ma kin yi kuskure da kika cire takardar, kuma gara ki amsa shi da bakinki. Na fahimci dalili, 'ya ce ke. Sai dai an ba ki amanar fayil ɗin ne saboda an yarda ba za ki bambanta Malam Jibrilla da mahaifinki ba.

Ki lura da wani abu da ruɗewa ta hana ki gani. Takardar nan ba a ɓoye take ba. Asibiti na da irinta, kuma ranar Talata za ta fito ko kin so ko ba ki so ba. A lokacin Baba yana kan hanya, kuma labarin da zai zaga gareji ba zai zama na dattijon da idonsa ya gaji ba. Cewa za a yi wanda ya fi kowa kiran a yi gwaji ya sa 'yarsa ta sace sakamakonsa. Wannan ita ce tozartawar da ya kamata ki ji tsoro. Kuma ranar da hukuma ta ji an ɓoye takardar direban shugaban ƙungiya, alkawarin da aka ɗauka ya rushe, dokar hana shiga gari ta hau kan kowa, har da mutum ɗari da talatin da ɗaya da suka ci gwajinsu da gaskiya.

Kin tambaya me ye amfanin ƙungiyar da za ta yar da mutum ranar da ya tsufa. Tambaya ce mai kyau, kuma a nan Alhaji ya faɗi rabin gaskiya. Tabbas ƙungiya ta rufin asirin 'ya'yanta ce. Amma ƙarfin da take da shi na zuwa gaban hukuma ta yi magana a saurare ta, daga yarda ya fito, cewa in ta ce motar nan lafiyarta ƙalau, direban nan yana gani, to haka ne. In ta rasa wannan, ba ta iya kare kowa. Rufin asirin da ya dace da Baba da sauran goma sha ɗayan shi ne a kai su asibiti, kuma a samo musu abin yi a ƙasa. Gareji na buƙatar mai duba birki da taya kafin mota ta tashi, da mai tsara layin lodi, da mai horar da sababbin direbobi, da dattijon da zai zauna sulhu. Wa ya fi mutumin da bai taɓa take ko akuya ba cancantar waɗannan? Shugabannin da ke karanta wannan shafi, da ku nake: in kun dakatar da mutum kuka bar shi a benci yana kuka, gobe kowa zai ɓoye muku ciwonsa.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Yau ki zauna da Dada. Matar da ta sauya wa mijinta wurin ajiye takalmi ba ta ce uffan ba, ta daɗe tana ɗauke da wannan tsoro ita kaɗai, kuma ina kyautata zaton za ta ji sanyi in ta samu abokiyar magana. Ku biyu ku same shi, in akwai yayansa ko wani dattijo da yake jin nauyi a haɗa da shi. Kada ku yi masa wa'azi. Ki gaya masa maganar ranar Talata, don mai yiwuwa bai sani ba. Sannan ki ɗora takardar a hannunsa ki roƙe shi ya kai wa Baba Noah da kansa, a gida ba a ofis ba. Mutumin da ya kai kansa, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya ce na faɗa a taro kuma ga shi ya faɗo kaina na ajiye makulli, girmansa ƙaruwa zai yi. Ina ganin abin da abokinsa ke jira ke nan da yake ta zuwa teburinki bai tona ki ba.

In ya ƙi, to ki gaya masa cikin ladabi, kina durƙushe, cewa ranar Asabar da yamma za ki kai ta da kanki. Kada ki yi a bayan idonsa, kuma kada ki faɗa ki fasa. In kin je, ki gaya wa Baba Noah gaskiya duka, cewa ke kika cire, ba ɓacewa ta yi ba. Ki ɗauki hoton takardar a wayarki kafin ki miƙa.

Alhaji kuwa kada ki ja da shi, kada ki kai ƙararsa ko'ina. Bai ba ki umarni a fili ba, ke ma ba sai kin ba shi amsa a fili ba. In takarda ta shiga hannun kwamiti magana ta wuce ki. Yana da kwana biyu ya nemo wani direba ya kai wakensa. Ba zan yi miki ƙarya in ce aikinki ba ya cikin haɗari ba, yana ciki. Sai dai wadda ta dawo da takarda da kanta tana da bakin neman afuwa, wadda aka kama kuwa ba ta da shi.

Kada rigimar nan ta mantar da ku idon kansa. Takardar cewa ta yi a sake dubawa a babban asibiti, kuma kwana tara sun riga sun tafi. Ni ba likita ba ce, amma na san wasu cututtukan ido ana yi musu aiki a samu sauƙi, wasu kuma ana tsayar da su ne kawai kada su cinye abin da ya rage, kuma jinkiri na yi musu illa. Ku kai shi cikin makon nan. Kada ki yi masa alkawarin zai koma tuƙi, ki bar wa likita wannan.

Ki shirya wa fushinsa. Zai yiwu ya yi mako ko wata bai amsa gaisuwarki ba, zai yiwu wasu a gareji su ce kin ci amanar ubanki. Ki ci gaba da durƙusawa kina gaishe shi kowace safiya, ki kai masa ruwan alwala, kada ki nemi ya ce kin yi daidai. Za ki iya jure uban da ke zaune a tsakar gida yana fushi da ke. Abin da ba za ki iya jurewa ba shi ne kiran waya daga hanyar Legas.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya buɗe masa wata ƙofar arziki cikin mutunci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. Ke kuma Allah ya ƙarfafa ki, ya yi miki albarka. Tashi ki je wurin Dada.

Anti Bilkis